KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: ABIN LURA GAME DA ƊOKIN WASAN ASSASSIN'S CREED III

Duk wanda ke leƙa gidajen gem, ko yake zama a majalisar samarin da ke buga wasan bidiyo, ya san halin da ake shiga idan aka ce wani sabon wasa yana nan tafe. Sai a jingine kowace hira a koma kansa. Wannan ya ce ya ga tallansa a waya, wancan ya ce ai jarumin ciki ya fi na bara iya sara, wani kuma ya kama tarin kuɗin faifai tun watanni kafin ranar fitowarsa. Ɗoki irin wannan ba laifi ba ne a karan kansa. Abin da ya kamata 'yan'uwa matasa su tsaya su duba shi ne, me ake sayar musu a cikin ɗokin, musamman idan wasan ya yi da'awar cewa tarihi yake ba su, tarihin ma na zamanin mulkin mallaka. Abin da ya faru a shekarar 2012 da wasan Assassin's Creed III ya isa misali ga mai son ya fahimta.

Kamfanin Ubisoft ne ke yin wannan jerin wasanni. Kamfani ne na ƙasar Faransa da aka kafa a 1986, amma reshensa na birnin Montreal a Kanada shi ya jagoranci aikin. Na farkonsu ya fito a 2007, aka gina labarinsa a kan shekarar 1191, lokacin yaƙin 'yan Salibiyya na uku, a biranen Ƙudus, Dimashƙa da Akka. Daga nan aka koma Italiya a 2009, aka je Istanbul a 2011. Salon duk iri ɗaya ne: a ɗauko zamani na gaskiya da mutanen da suka rayu da gaske, sannan a cusa ƙagaggen labari na wasu ƙungiyoyin asiri biyu, Assassin da Templar, da ke ta faɗa da juna a bayan fage. Mai wasa shi ke riƙe da jarumin, yana hawa katanga, yana tsallake rufin gidaje, yana sauko wa abokin gaba daga sama.

A watan Maris na 2012 kamfanin ya bayyana cewa sabon wasan zai koma Amurka ta zamanin da take ƙarƙashin mulkin Ingila, daga 1754 zuwa 1783, wato har da yaƙin da Amurkawa ke kira na neman 'yancinsu. Aka yi alkawarin biranen Boston da Niyu Yok kamar yadda suke a wancan ƙarni, da ƙungurmin daji da za a yi farauta a ciki, da hawan bishiyoyi, da dusar ƙanƙara mai kama ƙafa, da yaƙin jiragen ruwa a teku. Amma abin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne jarumin. Sunansa Connor, ubansa Bature ɗan Ingila, uwarsa kuwa 'yar ƙabilar Mohok, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Jajayen Indiyawa. Wato ke nan za a kalli tarihin Amurka ta idon wanda aka tarar a gidansa. Ɗoki ya kai ga kamfanin ya ba da sanarwar cewa bai taɓa yin wasan da aka biya masa kafin alƙalami kamar wannan ba. Da ya fito ranar 30 ga Oktoba 2012, aka sayar da sama da miliyan 3.5 a makon farko, ya zuwa watan Fabrairu na 2013 kuma an ba da labarin miliyan 12.

To, me aka nuna wa mutane har suka yi wannan rububi? Hoton bangon faifan kaɗai ya ba da amsa. Ga Connor ya ɗaga ɗan gatarinsa zai sauke a kan sojan Ingila mai jar riga, ga kuma tutar Amurka tana kaɗawa a bayansa. Tallace-tallacen bidiyon ma haka suke, yawanci sojojin Ingila ake ta zubarwa, har 'yan wasa a Birtaniya suka yi ta ƙorafin cewa an mayar da su abin yanka don a faranta wa kasuwar Amurka rai. Saƙon da talla ta isar a fili yake: ga azzalumi ɗan mulkin mallaka, ga waɗanda aka zalunta sun miƙe, ga ɗan asalin ƙasa ya shiga sahunsu. Matashin da ya taso yana jin labarin yadda dakarun Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da abin da ya auku a Burmi a wannan shekarar, ba ya bukatar a roƙe shi kafin ya goyi bayan duk mai sarar sojan Ingila. A nan tarkon yake. Domin tambayar da tallar ta ɓoye ita ce, su waɗannan masu neman 'yanci su wane ne, kuma a kan ƙasar wa suke tsaye?

Alal haƙiƙa, mutanen yankuna 13 da suka yi wa Sarki Joj na Uku tawaye ba 'yan asalin ƙasar ba ne. Turawa ne 'yan kama-wuri-zauna, jikokin waɗanda suka tsallako teku suka kafa sansani a bakin gaɓa tun daga 1607, suna ta tura masu ƙasa zuwa ciki. Faɗansu da Ingila faɗa ne na uba da ɗa a kan gado. Littattafan makaranta sun fi ambaton haraji, kuma gaskiya ne akwai rigimar haraji. Amma akwai wata rigimar da ba a cika ambata ba. Bayan Ingila ta ci Faransa a yaƙin da ya ƙare a 1763, Sarki ya fitar da doka a wannan shekarar da ta hana 'yan kama-wuri-zauna tsallake duwatsun Afalashiya su mamaye ƙasashen yamma. Ba don tausayi ya yi haka ba, gudun kashe kuɗi a wani sabon yaƙi da ƙabilu ne. Wannan doka ta ƙona wa masu hannu da shuni rai, don da yawansu sun riga sun sa ido a kan waɗannan filaye. Joj Washinton kansa yana cikinsu, kuma a wata wasiƙa da ya rubuta a 1767 ya nuna cewa shi bai ɗauki dokar a bakin komai ba illa dabarar kwantar wa Indiyawa da hankali na ɗan lokaci. Saboda haka 'yancin da ake nema ya haɗa da 'yancin cin ƙasar wasu ba tare da wani ya tsawata ba.

Mai karatu ya dubi wasu abubuwa biyu da wasan ya sa mai wasa ya halarta. Na farko, daren 16 ga Disamba 1773, da 'yan tawaye suka hau jiragen ruwa a tashar Boston suka zubar da akwatunan ganyen shayi 342 a teku don nuna ƙin haraji. Wasu daga cikinsu sun yi shigar 'yan Mohok ne don su ɓad da kama. Wato sun ari fuskar masu ƙasa sun yi aikinsu da ita. Na biyu, takardar shelar 'yanci ta 4 ga Yuli 1776, wadda ta buɗe da cewa an halicci mutane duka daidai. A cikin wannan takarda ɗaya, wajen lissafa laifuffukan Sarki, an siffanta 'yan asalin ƙasar da cewa 'yan daji ne marasa tausayi. Wanda ya tsara ta, Tomas Jefason, ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Ƙidayar farko da sabuwar ƙasar ta yi a 1790 ta nuna bayi kusan 700,000, kuma ba a haramta bauta a ƙasar baki ɗaya ba sai 1865. Su kuwa 'yan asalin ƙasa, sai a 1924 aka yi dokar da ta amince da su duka a matsayin 'yan ƙasa. Tirƙashi!

Ina labarin mutanen Connor na gaskiya? Mohok ɗaya ce daga ƙabilu shida da suka haɗu suka yi tarayyar da ake kira Irokwa: Mohok, Onaida, Onondaga, Kayuga, Seneka da Tuskarora. Tarayya ce mai majalisa da tsari tun kafin zuwan Turawa, kuma haɗin kanta ya sa Ingila da Faransa duk suna shakkarta. Da yaƙi ya ɓarke a 1775, sun so su tsaya 'yan ba-ruwanmu, amma kowane ɓangare ya yi ta zawarcinsu da kyauta da alkawari da barazana har bango ya tsage. Mafi yawan Mohok, Seneka, Kayuga da Onondaga suka bi Ingila, saboda sun ga cewa haɗarin da ya fi kusa da gonakinsu shi ne 'yan kama-wuri-zauna. Fitaccen jagoransu shi ne Josef Brant, ɗan Mohok. Onaida da Tuskarora kuma suka bi 'yan tawaye. Ranar 6 ga Agusta 1777, a fagen daga na Oriskani, 'yan tarayya ɗaya suka fuskanci juna suna zubar da jinin juna a kan rigimar da ba tasu ba. Don haka tun daga tushe, ɗan Mohok mai taya Washinton yaƙi kamar Connor baƙon abu ne a cikin danginsa.

Sai kuma 1779. Bayan hare-haren da 'yan Irokwa da masu goyon bayan Ingila suka kai wa ƙauyukan Turawa a 1778, inda aka kashe har da mata da yara, Washinton ya ba Janar Jon Suliban umarni a rubuce ranar 31 ga Mayu cewa ya shiga ƙasar Irokwa ya rusa matsugunansu ƙurmus, ya lalata amfanin gonarsu, ya hana su sake shuka. Suliban ya shiga da dakaru kimanin 4,000. A rahoton da ya kai da kansa, ya ce sun ƙona garuruwa 40, sun lalata masarar da in an auna ta da awon yau za ta kai kimanin buhu 40,000 na kilo 100, ban da itatuwan marmari da aka sassare. Dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa sansanin Ingila da ke Niyagara, suka faɗa cikin hunturu mai tsanani ba abinci ba matsuguni, da yawa suka mutu da yunwa da sanyi. 'Yan Irokwa suna kiran Washinton da wani suna mai ma'anar Mai Rushe Garuruwa. A 1790 wani shugaban Seneka ya gaya masa baki da baki cewa har zuwa lokacin, in aka ambaci wannan suna, matansu kan waiwaya cikin firgici, yara kuma su ƙanƙame iyayensu mata.

Da aka zo sulhu a birnin Paris a 1783, Ingila ta miƙa wa Amurka ƙasa har zuwa kogin Misisifi, kuma ba a ambaci 'yan asalin ƙasa a yarjejeniyar ba ko da kalma ɗaya. Waɗanda suka mutu saboda Sarki, Sarki ya sa hannu ya ba da ƙasarsu ba tare da ya shawarce su ba. Brant da mutanensa suka koma Kanada, inda aka yanka musu fili a bakin wani kogi a 1784. To, su Onaida da suka bi Amurka fa, har suka kai wa sojojin Washinton masara lokacin da yunwa ta kama su? Jihar Niyu Yok ta bi su da yarjejeniyoyi a 1785 da 1788 har ta raba su da mafi yawan ƙasarsu. Wanda ya bi Ingila ya rasa, wanda ya bi Amurka ya rasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ne a faɗa cewa wasan kansa ya fi tallarsa gaskiya. Masu yin sa sun nemi shawarar masana daga al'ummar Mohok, kuma mutanen ƙauyen Connor da harshensu suke magana a ciki, ana rubuta fassara a ƙasa. Wanda ya daure ya yi nisa a cikin labari zai ga Connor ya gano cewa Washinton da yake wa hidima shi ne ya ba da umarnin kai wa ƙauyensu hari. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Zai ga ya kashe amininsa na ƙuruciya da hannunsa, saboda aminin ya zaɓi ɓangaren Ingila. A ƙarshe kuma, ranar da sojojin Ingila ke barin Niyu Yok a 1783 jama'a na ta sowa, Connor ya juya ya ga ana cinikin bayi baƙar fata a bakin tashar. Ya koma ƙauyensu ya tarar ba kowa, aka gaya masa sabuwar gwamnati ta sayar da filin. Babu shakka waɗannan wurare sun taɓa gaskiya.

Amma fa akwai abubuwa uku da ya kamata ɗan'uwa ya lura da su. Na ɗaya, awon lokaci. Mai wasa yana shafe sa'o'i masu yawa hannunsa a kan madanni yana zubar da sojoji masu jar riga, yana taya 'yan tawaye a Lezinton da Bonka Hil. Gaskiyar mai ɗaci kuwa a 'yan mintoci take zuwa, a cikin hirar da samari da yawa ba sa sauraro, suna jiran a koma faɗa. Abin da hannu ya maimaita sau dubu ya fi zama a zuciya bisa abin da kunne ya ji sau ɗaya. Na biyu, wasan ya ɗora babban laifin a wuyan ƙungiyar asiri ta Templar, wadda ba ta da hannu a tarihin gaskiya na wannan yaƙi. Sai Connor ya ƙare ƙarfinsa wajen farautar mutum ɗaya, Janar Cals Li. Alhali ƙwace ƙasar Irokwa ba a ɗakin asiri aka ƙulla shi ba. A majalisu aka yi shi da rana tsaka, da takardu da sa hannu da 'yan safiyo masu awon fili. Wanda ya saba ganin zalunci a matsayin aikin wasu mugaye biyar da za a bi a kashe ɗaya bayan ɗaya, ba zai gane shi ba idan ya zo masa da rigar doka. Na uku, ba a ba mai wasa zaɓi ba. Bayan duk abin da Connor ya gano, ba shi da ikon ɗaga hannu a kan Washinton. Sai a wani ƙarin labari da aka sayar daban a 2013 aka yarda ya yaƙe shi, shi ma aka mayar da abin kamar mafarki, wanda daga ƙarshe Washinton ya farka ya ƙi sarauta, ya fita da mutuncinsa.

Har ila yau, wasan ya cakuɗa gaskiya da ƙage ta yadda wanda bai yi karatu ba ba zai iya rabewa ba. Ƙona ƙauyen Connor da aka ce an yi a 1760 bisa umarnin Washinton ƙagagge ne, don a lokacin ya ajiye aikin soja tun ƙarshen 1758 yana gonarsa. Ɓarnar gaskiya ta 1779, wadda ta fi wannan muni nesa ba kusa ba, ba a sa mai wasa ya tsaya a tsakiyarta ya gani da idonsa ba. Ranar da wani ya ce wa matashi ai labarin wasan ƙarya ne, in bai san na gaskiyar ba, sai ya watsar da duka biyun.

Wani zai ce, haba, ai wasa ne kawai, wa ya ce makaranta ce? Amsa ita ce, faifai miliyan 12 ba wasa ba ne. Mutane nawa ne cikin waɗannan suka taɓa buɗe littafi a kan Irokwa? Ga da yawansu, hoton farko kuma na ƙarshe da za su riƙe na wannan zamani shi ne wanda Ubisoft ta zana musu. Kamfanin ma ya san haka, shi ya sa a 2018 ya fitar da wani sashe na wasansa na tsohuwar Masar wanda babu faɗa a ciki, sai yawon ganin tarihi, don amfanin ɗalibai da malamai. Wanda ya shiga aji da ƙafarsa ba zai ce kada a tuhume shi a kan abin da ya koyar ba. Kuma kada a manta kamfani ɗan kasuwa ne. Amurka babbar kasuwa ce gare shi, ba zai zana wa mai saye kakansa a matsayin ɓarawon ƙasa a bangon faifai ba. Iyakar gaskiyar da zai faɗa ita ce wadda ba za ta kori ciniki ba.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, mutanen Connor ba su ƙare a 1783 ba. Suna nan da ransu. Garin Kanawake na 'yan Mohok yana tsallaken kogi ne kawai daga Montreal, birnin da aka yi wasan. A 1990, shekaru 22 kacal kafin fitowarsa, hukumar wani gari mai suna Oka, kusa da Montreal ɗin, ta amince a faɗaɗa filin wasan golf zuwa cikin dajin da 'yan Mohok ke cewa nasu ne, inda maƙabartarsu take. Suka tare hanya. 'Yan sanda suka kai farmaki ranar 11 ga Yuli, ɗan sanda ɗaya ya mutu, 'yan Kanawake suka rufe wata babbar gada da ke shiga Montreal don taya 'yan'uwansu, gwamnati ta turo soja, aka yi kwana 78 ana kallon-kallo. Daga ƙarshe aka fasa faɗaɗa filin. Rigimar ƙasar da aka mayar abin nishaɗi a faifai, a ƙofar gidan masu yin faifan ba ta mutu ba.

Jerin wasannin bai tsaya ba. An sake fito da wannan na ukun da gyararren hoto a 2019, an je Bagadaza a 2023, an je Japan a 2025, kuma duk lokacin da aka ambaci wani sabo, ɗoki zai sake tashi a majalisun samari. Ba a ce matashi ya toshe idonsa ba. Abin da ake nema gare shi shi ne, kwanakin da yake ƙirgawa yana jiran faifai, ya ware wasu daga ciki ya nemi tarihin wurin da zamanin. Sannan in ya zauna gaban allo ya riƙe tambayoyi huɗu: wa ya tsara wannan labari, wa yake so ya sayar wa, wa aka ba bindiga ko gatari a yi masa aiki, kuma wa ya tashi da ƙasar bayan ƙura ta lafa? Connor jarumi ne, ya iya sara, ya iya hawa, bai taɓa gudu a fagen fama ba. Duk da haka ya koma gida ya tarar da kango, saboda ya shiga yaƙi bai tantance ko na wane ne ba. Matashin da ya kammala wasan bai fahimci wannan ba, ya ba Ubisoft kuɗinsa da lokacinsa, ya tashi da gajiyar yatsu kawai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.